Yadda Ake Bin Diddigin Jiragen Alfarma Daga Kaduna, Tun Daga Masana'anta Har Lambar 5N

Duk mazaunin Mando ko Afaka, da duk mai bin hanyar filin jirgin saman Kaduna, ya san ƙananan jiragen nan farare masu inji biyu maƙale kusa da wutsiya. Suna yawaita ranar ɗaurin auren 'ya'yan manya, da lokacin tarukan siyasa, da ranar yaye hafsoshi a NDA. Da zarar ɗaya ya gifta sai majalisa ta ɗauka: wannan na gwamna wane ne, wani ya ce ina, na Alhaji wane ne, da idonsa ya gan shi a Abuja. A ƙarshe a watse babu wanda ya riƙe gaskiya. Alhali kuwa da wuya a sami wata na'ura a duniya da ake rubuta tarihinta kamar jirgin sama. Inda aka ƙera shi, shekarar da aka miƙa shi ga mai shi na farko, ƙasashen da ya yi rajista, haɗarin da ya taɓa yi in akwai, duk a rubuce suke, kuma kaso mai yawa na wannan bayani kyauta ne ga mai waya da data.

Abin da zan nuna a nan shi ne yadda za ka buɗe kundinka na jiragen alfarma, ka riƙa bin sababbin da masana'antu ke miƙawa, da waɗanda ke sauya rajista suna shigowa Najeriya, ka kuma jera ranakun tarihi ba tare da ka cakuɗa su ba. Aikin ya cancanci a yi shi da gaske. A Ingila da Holan akwai ƙungiyoyin masu sha'awa irin su Air-Britain da Scramble da suka shafe shekaru gommai suna wannan rubutu, mu kuwa a Arewa jirage sun zo sun tafi, kamfanoni sun buɗe sun rufe, ko lambobinsu ba mu ajiye ba.

Mataki na farko: ka rarrabe lambobin jirgi guda uku

Nan ne mafi yawan masu farawa ke ruɗewa, don haka zan daɗe a kai.

Ta farko ita ce lambar rajista, wadda ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin inji ko a kan wutsiya. Ƙasa ce ke bayar da ita. Yarjejeniyar Chicago ta 7 ga Disamba 1944, wadda ta haifi ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya mai mazauni a Montreal, ta tanadi cewa jirgi ba zai yi rajista a ƙasa biyu lokaci guda ba, amma ana iya ɗauke rajistarsa daga wata ƙasa zuwa wata. Wato lambar rajista tana sauyawa. Ana ma iya cire ta daga wani jirgi a liƙa wa wani, kuma attajirai na yawan yin haka idan lambar na ɗauke da haruffan sunansu: su sayar da tsohon jirgi, su riƙe lambar, su saka wa sabo.

Ta biyu ita ce lambar masana'anta, wadda ake taƙaitawa da MSN. Kamfanin da ya ƙera jirgi ne ke buga ta a wani ɗan faifan ƙarfe a jikinsa, kuma ba ta sauyawa har abada. Wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ya riga ya san karatun: lambar gaba da ta baya ana sauya su ko sau nawa, ta shasi kuwa da ita motar za ta shiga Panteka. Wannan lamba ita ce ginshiƙin kundinka. Duk layin da ka rubuta babu ita, a matsayin jita-jita yake har sai ka samo ta.

Lambobin masana'anta suna da tsari, kuma idan ka haddace kaɗan daga ciki za ka riƙa gane samfurin jirgi tun kafin ka ga hotonsa. Gulfstream G550 daga 5001 ya fara, G650 daga 6001. Dangin Global Express da Global 5000 da 6000 na Bombardier daga 9001 suka tashi, Global 7500 kuwa daga 70001. Challenger 604 ya fara daga 5301, 605 daga 5701. Hawker 800XP, wanda ya daɗe yana aikin shata a ƙasar nan, lambarsa da 258 take farawa. Ka lura da wani tarko a nan: lamba irin 5350 za ta iya zama ta G550, za ta iya zama ta Challenger 604. Shi ya sa kullum sunan kamfani da samfuri suke tafiya tare da lambar.

Ta uku ba a ganin ta da ido. Adireshi ne mai haruffa da alƙaluma shida da na'urar jirgi ke watsawa ta iska, wanda manhajojin bin jirage ke kira lambar hex ko Mode S. Kowace ƙasa da rukunin da ICAO ta ware mata. Na Najeriya daga 064000 zuwa 064FFF yake, na Amurka kuwa duk da harafin A yake farawa. Idan jirgi ya sauya ƙasar rajista, wannan adireshi ma sai an sauya shi. Amfaninsa babba ne: wani lokaci manhaja za ta nuna maka jirgi babu suna babu samfuri, amma da ka ga 064 a farkon adireshinsa ka san na gida ne, kuma mai yiwuwa sabon shiga ne da rumbunan bayanai ba su riga sun sa shi ba.

Kada ka haɗa waɗannan uku da lambar kira, wadda matuƙi ke amfani da ita wajen magana da hasumiya. Kamfanonin shata da yawa suna tashi da lambar kira ta kamfani, kamar VJT na VistaJet, kuma tana iya sauyawa daga tafiya zuwa tafiya.

Mataki na biyu: ka koyi karanta farkon lambar rajista

Najeriya 5N ce, sai ɗan jan layi, sai haruffa uku. Kafin 'yancin kai VR-N ake amfani da ita, kuma za ka ci karo da ita a tsofaffin hotuna. Maƙwabtanmu: Nijar 5U, Kamaru TJ, Chadi TT, Ghana 9G. Saudiyya HZ, Daular Larabawa A6, Afirka ta Kudu ZS, Ingila G, Faransa F, Jamus D, Kanada C. Amurka N ce, babu jan layi, alƙaluma ke biyo ta, wani lokaci da harafi ɗaya ko biyu a ƙarshe.

Sai rukunin da za ka fi cin karo da shi a fagen jiragen alfarma, wato ƙananan ƙasashe da tsibirai da suka mayar da rajistar jirage sana'a: T7 San Marino, M tsibirin Man, VP-C tsibiran Cayman, VP-B da VQ-B Bermuda, P4 Aruba, 9H Malta. Jirgi na iya kwana a Abuja shekara da shekaru yana ɗauke da T7 ko N. Dalilan suna da yawa. Bankin da ya ba da rancen saye ko kamfanin da ya ba da hayar jirgin yakan fi son rajistar da zai iya karɓe kayansa cikin sauƙi idan biya ya gagara. Kuɗin inshora da darajar jirgi ranar sayarwa su ma suna shiga lissafi. Akwai kuma batun kuɗin fito, wanda ya sa Hukumar Kwastam ta kira masu jiragen ƙashin kai tantance takardu a 2021, ta sake kiran su a 2024. Saboda haka ganin lambar waje a jikin jirgi bai nuna baƙo ne ba, kuma bai isa hujjar zargin kowa da laifi ba.

Amurka, Ingila da Kanada sun buɗe rajistarsu a intanet kyauta. A shafin hukumar FAA ta Amurka za ka rubuta lambar N ta fito maka da samfuri, lambar masana'anta, shekarar ƙira da sunan mai rajista. Sai dai sau da yawa sunan da za ka gani na amintacce ne, irin su Bank of Utah ko Wilmington Trust, domin dokar Amurka ta ba wanda ba ɗan ƙasa ba damar yin rajista ta hannun amintacce. Ka rubuta abin da ka gani kamar yadda yake. Kada ka cike gurbin da sunan da ka ji a majalisa.

Mataki na uku: ka buɗe kundin

Littafi mai bango mai kauri ya isa farawa, amma teburin Excel ko Google Sheets ya fi, saboda bincike da tacewa. Ka yi shafi biyu. Shafin farko na jiragen ne kansu, jirgi ɗaya layi ɗaya: kamfani, samfuri, lambar masana'anta, shekarar ƙira, rajistar yanzu, rajistocin baya bi da bi, adireshin hex, da kamfanin da ke tafiyar da shi idan an tabbatar. Shafi na biyu na gani ne: kwanan wata, lokaci, wuri, daga ina zuwa ina, sannan gurbi mafi muhimmanci, wato ta ina ka sani. Da ido ka gani, ko a manhaja, ko a hoto, ko a rajistar hukuma? Bayan shekara biyar ba za ka tuna ba, kuma wanda zai gaji kundin ba shi da hanyar tantancewa sai wannan gurbi.

Filayen jirgi ka rubuta su da lambar ICAO mai haruffa huɗu: Kaduna DNKA, Kano DNKN, Abuja DNAA, Legas DNMM, Zariya DNZA. Lokaci kuwa, harkar jirage da agogon GMT take aiki, wanda masu sauraren rediyo suka sani sarai. Agogon Najeriya da Nijar yana gabansa da awa ɗaya. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Jirgin da ya sauka sha biyu da rabi na dare a agogonmu, a GMT jiya ya sauka, kuma irin wannan ɗan saɓani kan sa a rubuta tafiya ɗaya sau biyu.

Ƙa'idata ita ce ba na mayar da bayani zuwa shafin farko sai majiya biyu da ba su kwafi juna ba sun yarda a kai. Rumbunan masu sha'awa suna yawan kwafar juna, kuskure ɗaya ya yaɗu wuri biyar.

Mataki na huɗu: manhajoji, da eriyar kanka

Jiragen zamani suna watsa matsayinsu, tsayinsu da gudunsu a kan mita 1090 MHz, tsarin da ake kira ADS-B. Masu sa kai a duniya suna kama wannan saƙo da ƙananan na'urori suna tura wa shafuka irin su Flightradar24, FlightAware, ADS-B Exchange da OpenSky Network. Flightradar24 ya fi sauƙi ga mai farawa. Sai dai shi da FlightAware suna ɓoye jirgin da mai shi ya nemi a ɓoye, ka ga samfuri kawai babu lamba. ADS-B Exchange ba ya tace abin da na'urorinsa suka kama.

Manhajojin suna rubuta samfuri a taƙaice, kuma yana da kyau ka saba da su: GLF5 shi ne G550 da Gulfstream V, GLF6 G650, GLEX dangin Global Express, GL7T Global 7500, CL60 dangin Challenger 600, CL35 Challenger 350, FA7X Falcon 7X, H25B Hawker 800 da 'yan uwansa, E55P Phenom 300.

Matsalarmu a Arewa ita ce ƙarancin na'urorin kamawa. Jirgi zai taso daga Legas kana kallonsa, yana fara saukowa ya ɓace daga taswira, domin saƙon ba ya ratsa tudu ko lanƙwasar ƙasa, sai akwai eriya kusa da ke hangensa. Maganin wannan a hannunmu yake, kuma ba shi da tsadar da ake zato. Ana buƙatar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, da ɗan makamin rediyo mai shiga kafar USB da ake kira RTL-SDR, da eriya, da intanet ɗin da ba ya yawan yankewa. Eriyar ma kana iya haɗa ta da wayar tagulla. Tsawon sandarta santimita 6.9 ne. Ka ɗora ta a wuri mafi tsayi, saman bene ko ƙarfen tankin ruwa, inda babu bango ko bishiyar da ta tare ta, ka kuma rage tsawon wayar da ke saukowa, domin doguwar waya na cinye saƙon. Eriya mai kyau a wuri mai kyau tana kama jirgin da ke can sama daga nisan kilomita 300 ko fiye, wanda daga Kaduna ya haɗa da sararin Abuja da Kano. Wutar da na'urar ke ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba, don haka ƙaramin batir da faifan sola sun riƙe ta idan an ɗauke wuta. Da damina ka kula da tsawa: a haɗa ƙarfen eriyar da ƙasa, idan hadari ya haɗu sosai a zare wayar. Flightradar24 da FlightAware suna ba wanda ke tura musu bayani asusu na musamman a shafinsu kyauta, wanda ke buɗe tarihin tafiye-tafiyen jirgi na watanni masu yawa baya.

Da za a sami irin wannan na'ura a Kaduna, Zariya, Kafanchan da Birnin Gwari, da taswirar jihar nan ta sauya. Tsofaffin jiragen da ba sa watsa matsayinsu ma ana iya lissafo inda suke idan na'urori huɗu ko fiye suka ji su lokaci guda.

Mataki na biyar: bin sababbin jirage daga masana'anta

Ƙungiyar masu ƙera ƙananan jirage, GAMA, tana fitar da rahoton jiragen da aka miƙa duk bayan wata uku, na shekara kuma a watan Fabrairu, kuma kyauta ne. Alƙalumanta sun nuna jiragen alfarma 809 a 2019, suka faɗo 644 a 2020 saboda korona, suka kai 730 a 2023, sannan 764 a 2024. A 2024 ɗin Textron mai Cessna Citation ya miƙa 151, Bombardier 146, Gulfstream 136, Embraer 130, Dassault 31. Kada ƙanƙantar adadin Dassault ta ruɗe ka. Manyan jirage masu tsada kawai yake ƙerawa, kuma sau biyu a shekara yake bayar da alƙalumansa. Watanni ukun ƙarshe na shekara su ne suka fi yawan miƙawa, don haka kada ka gwada zangon farko na bana da na ƙarshen bara ka ce kasuwa ta faɗi. Zango da takwaransa na bara ake gwadawa.

Rahoton GAMA adadi yake bayarwa, ba ya faɗin wanda ya saya. Don ka bi jirgi ɗaya-ɗaya sai ka san inda ake haɗa su. Gulfstream a Savannah ta jihar Jojiya yake. Bombardier yana haɗa Global a Toronto ya ƙarasa cikinsa a Montreal. Dassault yana haɗa Falcon a Bordeaux-Mérignac ta Faransa, mafi yawansu kuma a tsallaka da su Little Rock ta Amurka a yi musu kujeru da fenti. Cessna na Kansas ne, a Wichita da Independence. Embraer yana aiki a Brazil da kuma Melbourne ta jihar Florida. Jirgin da ya fito daga layin haɗi ba fenti ba kujeru, kore ake ce masa, saboda launin shafen farko da ke jikinsa, kuma yana iya yin watanni kafin a gama cikinsa. A wannan lokaci lambar gwaji ta wucin gadi yake ɗauke da ita: na Dassault da F-WW suke farawa, na Bombardier da C, na Gulfstream kuwa lambar N ce mai ƙarewa da GA ko GD a galibi. Waɗannan lambobi kamfani na sake amfani da su a kan jirage daban-daban, wanda ya sake dawo da mu kan lambar masana'anta.

Sai ka kiyaye ranaku huɗu da jaridu ke yawan cakuɗawa: ranar da aka sanar da samfuri, ranar tashinsa na farko, ranar da hukuma ta ba shi shaidar inganci, da ranar miƙawa ta farko. Dubi G700. An sanar da shi a Oktoba 2019, ya fara tashi ranar 14 ga Fabrairu 2020, FAA ta amince da shi ranar 29 ga Maris 2024, aka fara miƙa shi a Afrilu 2024. Wanda ya rubuta cewa G700 ya fito a 2019 da wanda ya rubuta 2024 duk ba su yi ƙarya ba, amma kundin kirki gurbi huɗu yake ware musu.

Tafiyar kawo jirgi gida tana da daɗin bi. Manya irin G650, mai cin kusan kilomita 13,000 ba tare da shan mai ba, suna iya zuwa kai tsaye. Ƙanana kuwa sai sun yi zango-zango, ko ta arewa ta Kanada da Iceland su gangaro Turai, ko ta tsibiran Azores da Canary su shigo Afirka ta Yamma.

Mataki na shida: idan jirgi ya koma 5N

Da yawa daga jiragen da ke shigowa ƙasar nan na hannu ne, don haka wannan mataki za ka fi yi. Ka ga sabuwar lambar 5N da ba ka sani ba. Fara da neman hotonta a JetPhotos, inda masu ɗauka kan rubuta lambar masana'anta a ƙasan hoto. Ka ɗauki lambar ka bincika a rumbunan jiragen alfarma irin su rzjets, za ka ga jerin rajistocin baya. Idan ta ƙarshe ta Amurka ce, koma shafin FAA sashen jiragen da aka soke rajistarsu. Yakan nuna ranar sokewa da ƙasar da aka fitar da jirgin zuwa gare ta. Wannan majiya ce ta hukuma, ta fi kowace. Daga nan ka leƙa Aviation Safety Network ka ga ko ya taɓa haɗari, idan kuma a gida abin ya faru, rahotannin hukumar bincike ta NSIB suna fitowa fili.

Misali sananne shi ne jirgin shugaban ƙasa. Boeing 737 mai lamba 5N-FGT ya yi aiki tun zamanin Obasanjo, 2005. A Agusta 2024 aka fara amfani da Airbus A330 mai lamba 5N-FGA, wanda a baya yake ɗauke da VP-CAC ta Cayman. Mai kundi da ya ajiye lambar masana'anta bai buƙaci jiran sanarwa ba kafin ya san cewa jirgin ya yi shekaru yana aiki a wani hannu.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ce ke riƙe da rajistar 5N, ita ce kuma ke bambanta izinin tashi na ƙashin kai da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi. Jirgin da ka ga wani babba ya sauko daga ciki sau da yawa shata ce aka ɗauko. A kundinka ka rubuta kamfanin da ke tafiyar da jirgi, fasinja ba ruwanka da shi.

Gane samfuri da ido yana zuwa da sabo. Gulfstream manyan tagogi ne da shi masu siffar ƙwai a kwance. Inji uku a baya Falcon ne, 900 ko 7X ko 8X a galibi. HondaJet injinansa a saman fiffike suke zaune. Da hunturu, idan hazo ya sauko, ido ba ya wadatarwa, kuma lokacin ne ake yawan karkatar da jirage zuwa wani filin, don haka ka tabbatar jirgi ya sauka kafin ka rubuta ya sauka.

Iyakar da ba a tsallakewa

Wannan magana da nauyi nake yin ta. Kaduna gari ne na soja, kuma mun san halin tsaron da muke ciki. A Maris 2022 'yan bindiga sun kai hari har filin jirgin nan. Kada ka je jikin shingen filin jirgi da kyamara ko madubin hangen nesa babu izini a rubuce. Kada ka ɗauki hoton sansanin sojan sama ko jiragen horo da ke shawagi a kansa, kada kuma ka sa zirga-zirgar jiragen soja a kundin da kake yaɗawa. Sannan kada ka taɓa wallafa cewa jirgin wane ya taso zai sauka ƙarfe kaza. A ƙasar da ake satar mutane don kuɗin fansa, irin wannan saƙo na iya jawo asarar rai, har da ran direba da ɗan rakiya da ba su ji ba ba su gani ba. Ka bari kwanaki su wuce, kuma ka yi magana a kan jirgi da tarihinsa.

Mataki na bakwai: jadawalin tarihi, namu da na duniya

Ka ƙara shafi na uku, ka raba shi gida biyu. Na duniya ba shi da wuya, domin an riga an rubuta shi. Lockheed JetStar ya fara tashi ranar 4 ga Satumba 1957. Sai shekaru biyu da suka kafa wannan kasuwa: jirgin 125 na Ingila, kakan Hawker, a Agusta 1962, Mystère 20 na Dassault a Mayu 1963, da Learjet 23 ranar 7 ga Oktoba 1963. Gulfstream II ya biyo a 1966, Citation na farko a 1969, Challenger 600 a 1978, Global Express a 1996. Ƙarshen abu ma tarihi ne: an miƙa Learjet na ƙarshe a Maris 2022, bayan an ƙera sama da 3,000.

Gida na biyu shi ne ya fi buƙatarka. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku samfurin DH.9A na sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka iso Kano daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Khartum zuwa Kano, ya miƙa har Legas a shekarar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙi da ake haɗawa a Takoradi ta Ghana ta Kano da Maiduguri suke bi zuwa Masar. An kafa Nigeria Airways a 1958, ya daina tashi a 2003. A 1964 aka kafa rundunar sojan sama, a shekarar kuma aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya. A nan Kaduna kamfanin AIEP ya haɗa wa sojan sama jiragen horo 60 da aka sa wa suna Air Beetle, bisa samfurin RV-6A na Amurka. Chanchangi Airlines, na marigayi Alhaji Ahmadu Chanchangi, a Kaduna hedikwatarsa take kafin ya daina aiki, kuma ya yi jigila da Boeing 727 da 737. A Kaduna aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi Gulma a Disamba 2013, da Tsaigumi a Fabrairu 2018. Daga 8 ga Maris zuwa 18 ga Afrilu 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja don gyaran titinsa, Kaduna ce ta karɓi jiragen babban birnin ƙasa, kuma Ethiopian Airlines ya sauko da Boeing 787 tun ranar farko.

Makonni shidan nan na 2017 wuri ne mai kyau na fara aikin tono. Jiragen alfarma da yawa sun sauka a nan a lokacin, kuma hotunansu na nan warwatse a wayoyin mutane da shafukan Facebook. Ka nemi izinin masu hotunan, ka karanto lambar da ke jikin kowane jirgi, ka bi ta har lambar masana'anta kamar yadda aka nuna a sama.

Bayan haka sai dattawa. Tsofaffin matuƙa, injiniyoyi da ma'aikatan hasumiya da suka yi aiki da Nigeria Airways, Kabo, Chanchangi da AIEP suna nan a Kaduna da Zariya da Kano. Ka je da ladabi, ta hannun wanda suka sani, ka gaida Baba ko Kyaftin yadda ya kamata, ka bayyana abin da kake tarawa da inda za ka ajiye shi. Abin da ya fi daraja a hannun matuƙi shi ne littafin da yake rubuta tashinsa, domin kowane layi na ɗauke da kwanan wata, lambar jirgi, da filin tashi da na sauka. Kada ka nemi tafiya da shi. Ka roƙi izinin ɗaukar hoton shafukan a gabansa, ka tambaye shi abin da bai yarda a wallafa ba, ka kuma ajiye kwafi biyu, ɗaya a intanet ɗaya a wajen wani amintacce, tare da sunan wanda ya ba ka da ranar da ya ba ka.